Tsabren da Ya Wuce Shinge

Mun tashi daga Madawa ana fitowa sallar asuba, ni da ƙanena, a cikin tsohuwar motarsa wadda sai an lallaɓa ta take yarda ta tashi. Waɗanda suka ga ina ta saka hotunan ciyawa a shafin nan cikin watan jiya, har wasu suka tambaye ni ko na bar koyarwa na koma kiwo, yau ga bayani. Na jinkirta shi ne don sai yanzu na iya zama in rubuta ba tare da na ajiye wayar a tsakiya ba.

Inna ce ta aike mu. Wata huɗu ke nan tana kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Likita ya ja ni gefe ya ce mini, cikin irin maganarsu ta zagaye-zagaye, duk abin da ranta ya so a ba ta. Na gane abin da yake nufi. To, ba ta nemi nama ba, ba ta ce a kira mata wani daga nesa ba. Wata safiya ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa, sai ta ce, "Ki biɗo mani tsabre."

Sunan ba baƙo ba ne a kunnena. Na san wata ciyawa ce mai ƙamshi da tsofaffi ke ambata, amma da za a ajiye mini ita a gaba ba zan iya nuna ta ba. Ranar kasuwa na je wurin masu saiwoyi na faɗi sunan, wani ya miƙo mini ɗan ƙulli na dala ashirin yana rantsuwa shi ne. Na kawo gida ina jin kaina. Inna ta kai hanci sau ɗaya ta ce, "Wanga nobe na." Ashe wata ciyawar ce daban aka ba ni. A nan ne na yi abin da har gobe yake cina. Shekara ashirin ina koyar da ilimin tsirrai da dabbobi a kwaleji, kuma malami ba ya son a gyara masa. Na ce mata ai duk dangi ɗaya ne, ƙamshin ma kusan ɗaya ne, har na buɗe waya ina nuna mata hoto. Ta juya fuska bango ta ce, "To, Madam."

Ba ta taɓa kirana haka ba. Ni ce babba a ɗakinmu, amma tun tasowata sunana take kira gar da gar, ba kamar iyayen ƙawayena ba, waɗanda ko an sa musu wuƙa a wuya ba za su kama sunan ɗan fari ba. Maƙwabta har tsokanarta suke yi, wai zaman gari ya cinye mata kunya, ita dai sai murmushi. Shi ya sa wannan "Madam" ɗin ta kwana ta wuni a ƙirjina. Bayan kwana biyu muka bar ta a hannun ƙanwarmu muka kama hanya, da niyyar mu dawo kafin la'asar.

Lokacin kaka ne, kuma bana damina ta yi kirki a yankinmu. Gari na wayewa muka ratsa kwarin Tarka. Injinan ban-ruwa sun fara tari, masu albasa sun duƙa a kan fangalin iri, amalanken jakuna na ta wuce mu ɗauke da dammunan hatsi. Tun ina yarinya nake bin hanyar nan, amma ban taɓa kallon gefenta da idon mai neman ciyawa ba. Sai ranar na lura babu wurin da aka bari ba a noma ba. Gona ta haɗe da gona, daga bakin hanya har inda ido ya tsaya. Inda aka ware burtali don dabbobi kuwa, garmani ya mamaye shi, wannan ɗan tsiron mai fure ruwan ɗorawa da ko akuya ba ta kula shi.

Muka ratse ta Azarori. Kafin mu shiga gari na hango wata doguwar ciyawa a kan iyakar gona, ta fi mutum tsawo, kanta na kaɗawa. Na daki kafaɗar ƙanena na ce ya tsaya, har ya kusa jefa mu a rami. Na tsallaka kunyoyi da takalmin zuwa aiki, ƙarangiya ta cika mini zane, na ɗauki hoto na saka a nan, na rubuta "Alhamdulillahi" a ƙasansa. Ku da kuka yi mini barka a ranar, ku yafe ni. Mai gonar yana yankan hatsi, ya miƙe ya dube ni, ya dubi ciyawar, ya ce, "Hajiya, wagga gamba ta. Ni na dasa ta don zana." Ya yi dariya har da riƙe ƙugu, sannan ya gasa mana tumu don ya wanke laifinsa. Muna murza muna ci ya ce, "Tsabre kam, rabona da shi tun ina kiwon awakin tsohona. Cikin saura shika hita, gonad da anka bari ta huta. Yanzu wa ad da gonad da za ya bari ta huta?" Shi ya kwatanta mana wani mutum a Buza, ya ce in shi bai sani ba mu koma gida.

Daga nan ƙasa ta fara canjawa. Yashi ya ƙare, dutse ya karɓa, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai suka taso dama da hagu, hanya kuma ta zama irin wadda ke tuna wa mutum yawan haƙoransa. Mun shiga Buza da rana tsaka. A bakin kasuwa muka sha fura da nono mai sanyin randa, na ci kwaɗon zogale na dala ashirin wanda a Madawa sai an ninka kuɗin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne layin masu sayar da ciyawa. Amalanke bayan amalanke, an tula ta kamar ɗaki, masu kiwon gida na ta ciniki. Wani mai sayarwa ya nuna mini manjagarar ƙarfe da suke kwashe ta da ita tun ba ta zubar da iri ba, don wanda ya tsaya jira sai ya tarar wani ya riga shi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Matasan suka ce ba su taɓa jin sunan ba. Wani dattijo ya ce shi ya sani sarai, ya miƙo mini nobe.

Mutumin da aka kwatanta mana tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya daɗe da yin ritaya, ido ɗaya ya yi yana. Mun same shi a zaurensa yana gyaran rediyo. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya shiga ciki ya fito da wani kwali ɗaure da tsumma. Tsofaffin jaridu ne a ciki, tsakanin kowace biyu an danne ciyawa ɗaya ta bushe, ga sunanta da inda ya tsinko ta a rubuce da biro. Ya yi ta buɗewa a hankali yana kiran suna, shinaka, datsi, komayya. Wasu in ya kira sai ya ƙara da, "Wagga ma ta yi wuya yanzu." Da ya kai ga tsabre, da hannu biyu ya ɗago jaridar.

"Kak ki yarda da tsawo, Madam," in ji shi. "Tsawo shi ya kai ki ga gamba. Dubi gindin ganye." Ganyen gamba siriri ne a gindi, ga gashi-gashi. Na tsabre kuwa faɗi gare shi a gindi, ya rungume kara kamar yadda zane ke kama goyo, kuma karan yana da wata farar hoda da ke gogewa a yatsa. Shi nobe gajere ne, da ƙyar yake kai ƙugu, ganyensa siriri kamar zare. "In kin ga duk wanga, ki murza ki sansana. Gamba ba ta da ƙamshi ko kaɗan." Na roƙe shi in murza ɗan gefen nasa. Ya yarda, amma ya kau da kai. Ƙamshin ya daɗe da tafiya, sai warin tsohuwar takarda.

Sannan ya ɗauki tsinke ya zana mini ƙasar a daɓen zaure. Ya ce tsabre ciyawar ƙasa mai ruwa ce. Can kudu, wajen kan iyaka da abin da ya wuce ta, har yanzu ana yankansa a saƙa zana. Mu nan a bakin iyakarsa muke. Lokacin da ya fara aiki yakan gan shi jefi-jefi a kwaruruka har wajen Keita. Kowane fari ya zo sai ya kashe wasu kututture, su kuma ba sa dawowa, don masu zana na yanke shi kafin iri ya nuna, masu maganin zazzaɓi da shawara na tone shi har saiwa, garma ta cinye sauran. Na ƙarshe da ya gani da idonsa a bakin wata ƙorama ne wajen Urno. Da ya koma bayan shekara biyu, lambun tumatir ya tarar. "Ku koma kudu," in ji shi. "Gobe war haka kuna gida da dami guda."

Na ji daɗi ƙwarai. Na fita waje inda rezo, wato layin waya, ke kamawa, na kira ƙanwata na ce ta gaya wa Inna an samu hanya. Na ji ta kai mata wayar kusa da baki, na ji numfashin, sannan muryar can ƙasa: "Ba na kudu ba. Na gida nika so." Wallahi raina ya ɓaci. Ciyawa ai ciyawa ce, ta kudu da ta arewa duk hanci ɗaya zai shaƙe su. Na ɗaga murya zan fara bayani, ƙanena ya zare wayar daga hannuna ya kashe, ya ce, "Yaya, kin yi Madam sau guda. Ya isa." Ya fi ni gaskiya.

Gida a bakin Inna ba Madawa ba ne. Wani ƙauye ne a bayan Ibohaman, can ƙasar Keita, inda aka haife su ita da Baba, Allah ya jiƙansa. Sun baro shi a shekarar wata yunwa, kafin a haife ni, ba su ƙara komawa ba, ba su kuma taɓa kai mu ba. In mun tambaya sai ta ce, "Garin duwatsu na, mi za ku gani?" Muka kwana a Buza gidan wata abokiyar aikina, da safe muka ƙara wa mota esansi, man fetur na kwalba, muka nufi Keita.

Hanyar hawa take yi tana sauka, tudu da kwari, tudu da kwari. A saman tuddan baƙin dutse ne shimfiɗe, rana na dukansa yana mayar da zafin a fuskar mutum. Ko'ina ka duba za ka ga layukan duwatsu da aka jera da hannu, da ramukan tarar ruwa, aikin farfaɗo da ƙasa da aka yi a shekarun baya, wanda mutanen wurin ke cewa mata ne suka ɗauki yawancin duwatsunsa a ka. Itatuwa sun kama, ba laifi, wasu gangaren har sun yi duhu. Amma a ƙarƙashinsu ciyawar shekara ɗaya ce, mai fitowa da ruwa ta mutu da ɗaukewarsa. Mai kututture, wadda ke kwana a ƙasa ta jira wata damina, ban ga ko ɗaya ba in ban da nobe. Mun tsaya wuri bakwai ko takwas. Duk inda na hango tsawo sai in sauka, in duba gindin ganye, in murza, in shinshina. Yatsuna suka yi kore shar, ƙanena ya ce in na ci gaba a haka kafin yamma zan fara tuƙa kamar akuya.

Taya ta fashe mana dab da Keita, ta ci mana sa'a biyu. A tasha muka ci tuwon hatsi da miyar kuka, muka zagaya bakin tabki inda na sa rai ƙwarai, tunda an ce ciyawar ruwa take so. Lambuna ne kawai, da ƙaya. Bayan la'asar muka wuce Ibohaman.

A bayan gari, kusa da wata rijiya, muka tarar da wani Buzu makiyayi, ya durƙusar da raƙuma yana dafa shayi. Bai bari mun buɗe baki ba sai da muka sha na farko, ya gutsura mana cuku. Da na kwatanta masa abin da muke nema, ya nuna tudu da haɓa ya ce gajeren yana can da yawa. Na ce dogon nake nufi, mai ƙamshi, mai faɗin ganye. Ya juya shayi daga kofi zuwa buta, sannan ya ce wuri ɗaya tak ya sani a duk ƙasar da yake kiwo. "Raƙumana na miƙa wuya, ni kau ina hana su. Wurin mutanen da sunka kwanta na." Maƙabarta yake nufi. Da ya faɗi sunan ƙauyen, ni da ƙanena muka dubi juna. Garin Inna ne.

Kafin magariba ƙanwata ta kira. Ta ce Inna ba ta sha ko kunu ba tun safe, barci kawai take yi. "Ku dawo, ku bar hakin ga," in ji ta, tana kuka. Ƙanena ya ce mu juya nan take. Abin da yake tsoro shi ne a ce ta cika muna can muna yawon ciyawa, kuma ni ma shi nake tsoro. Amma na kasa tunanin shiga ɗakin nan hannu sake bayan abin da na yi mata. Wannan karon ni na yi taurin kai, na roƙe shi safiya ɗaya. Muka kwana a Ibohaman, in har za a kira shi kwana.

Da sassafe muka bi hanyar amalanke har inda wata ƙorama ta yanke ta, muka bar motar muka taka da ƙafa. Ƙauyen a gindin tudu yake, rumbunan laka sun fi ɗakuna yawa da girma. Inna ba ta yi ƙarya ba, garin duwatsu ne. A ƙofar gida na farko wata tsohuwa na zaune tana ɓarar wake. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan Inna da na mahaifinta. Ta ajiye ƙwaryar, ta kama wuyan hannuna ta jawo ni kusa da idonta. Ashe ƙawarta ce, tare suka yi ɗaukar ruwa, kaka ɗaya aka yi musu aure.

"Tana da rai?" in ji ta.

Na ce tana nan, amma jiki ya yi nauyi, kuma ita ce ta aiko mu neman tsabre.

Tsohuwar ta saki hannuna, ta rufe baki da gefen zane. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ce maki anka yi ke ce ta hwari?"

Na ce ai ni ce babba.

"Ke ce babba cikin waɗanda sunka rayu."

A zaune a ƙasa ta ba ni labarin, ƙwaryar wake na tsakaninmu, ƙanena na tsaye a gefe. Akwai yaro kafin ni, namiji. Ya fara tafiya, ya fara bin awaki yana kiran su, ƙyanda ta ɗauke shi a shekarar yunwar nan. Inna tana da ƙuruciya, tana gidan surukai, kuma ɗan fari ne. Da ransa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Da ya mutu ba ta da damar yin kuka a ji. Mace kuma ba ta shiga maƙabarta a garin. Maza suka ɗauke shi a ɗan guntun tabarma tana cikin daka, ba ta ajiye taɓarya ba. Ba ta san inda aka sa shi ba.

Baba ne ya ga tana ƙarewa a tsaye. Bai ce mata komai ba, shi ma kunyar ta ɗaure masa baki. Ya je bakin gonarsu ya tono kututturen tsabre guda, ya dasa a gefen kabarin, ya yi ta kai masa ruwa a gora duk tsawon rani, a shekarar da mutane ke auna ruwan sha. Ya zaɓe shi ne don yana iya wuce shingen aguwa da ya kewaye maƙabartar, kuma kansa daban yake da na gambar da ta cika wurin a lokacin.

"Da damana taz zo, yaw wuce shinge," in ji tsohuwar. "Daga ran nan innakki ta bar gajerar hanyar rijiya, ta koma bin ta bayan gari. Akwai wani dutsi nan. Kullum nan gammonta ka kwancewa. Ta sabke tulu, ta gyara, ta gyara, mu muna tsaye muna jira. Ba mu taɓa ce mata komi ba."

Ta faɗa mini sunan yaron. Ba zan rubuta shi a nan ba, tunda mai shi ba ta taɓa faɗarsa ba.

Ƙanena ya tafi tare da liman da wani dattijo suka shiga maƙabartar. Ni kuwa tsohuwar ta riƙe hannuna muka bi hanyar rijiya ta bayan gari. Rijiyar ta daɗe da ƙafewa, an yi musu famfo a wani gefen, hanyar ta kusa shafewa. Dutsen yana nan, baƙi, mai shimfiɗaɗɗen kai, daidai ajiye tulu. Na tsaya a gefensa na ɗaga kai. Ga su can sama da aguwa, kawuna ja-ja masu yawa, iska na kwantar da su tana tayarwa. Mazan na ciki suna ratsa tsabren, ganye na murjewa a jikinsu, sai ƙamshin ya tsallako shinge ya same ni, kamar lemun tsami da citta a haɗe. Ko kusa bai yi kama da nobe ba. Na zauna a kan dutsen na yi kuka, kuka sosai mai sauti. Ni babu wanda ya hana ni.

Ƙanena ya fito idonsa jawur. Ya ce tsabren ya bazu ya kai faɗin tsakar gida. Babu wanda zai iya nuna kabarin yanzu, amma dattijon ya kai shi ga wani kututture da tsakiyarsa ta mutu, gefe ya rayu, ya zama kamar gammo. Ya ce haka tsabre ke yi in ya tsufa, don haka wannan ne na farko. A nan suka tsaya suka yi addu'a.

Liman ya ce abin da ke cikin shinge ba a yankansa, na masu wurin ne, shi ya sa ma ya rage. Amma wanda ya sunkuyo waje kan hanya, na mai wucewa ne. Da hannuna na yanki kai bakwai da ganyensu, da wuƙar tsohuwar. Na duba duk da haka, don malami ba ya barin hali. Gindin ganye ya rungume kara, farar hoda ta goge a yatsana. Tsohuwar ta ƙulla mini wake a gefen gyale ta ce in kai wa ƙawarta, in ce mata rijiya ta ƙahe amma dutsi shina nan.

A komowa ba mu tsaya ko'ina ba sai a Buza, inda na miƙa wa tsohon ma'aikacin kai ɗaya ta tagar mota. Ya murza ya kai hanci, ya rufe idonsa mai gani, ya ɗaga mana hannu alamar mu tafi. Motar ta cika da ƙamshi. Mun shiga Madawa ana kiran magariba. Tun daga bakin layi nake leƙen ƙofar gidanmu ko an shimfiɗa tabarmi. Ba a shimfiɗa ba.

Inna tana farke. Na durƙusa a bakin gado, na murza ganye ɗaya na kai mata hanci. Ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda ta yi wata huɗu ba ta ja ba. Ta lalubo kan da yatsu tana shafawa.

"Shi na," in ji ta.

Sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ya wuce shinge?"

"Ya wuce, Inna. Ya yi yawa ma."

"Daga hanyar rijiya ana ganinai?"

"Ana gani. Na tsaya wurin dutsen."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni. Ta gane na sani. Ba ta faɗi sunansa ba, ni ma ban faɗa ba. Nawa ta kira, gar da gar yadda ta saba, ta ce in ba ta kunu.

Kwana tara ta yi bayan haka, tsabren na ƙarƙashin matashinta. Ta cika ranar Laraba da hantsi. Allah ya jiƙanta da rahama, ku sa ta a addu'a.

Na fita tafiyar nan ina ganin abin da kawai ban sani ba shi ne inda ciyawar take. Game da ita, abin da na koya kaɗan ne amma na tabbata da shi: tsabre ya ja da baya ya koma kudu, wanda ya rage a nan ƙasar Adar yana inda garma da lauje da bakin dabba ba sa kaiwa. In akwai tsohuwar maƙabarta a garinku, ku leƙa ta saman shinge a lokacin kaka, in kun gan shi ku gaya mini, amma kada ku tone. Ɗayan abin da na koya shi ne ya fi zafi. Shekara arba'in da wani abu ina zaune da matar nan, ina ɗauka ba ta da kunya irin ta mutanen da, ashe tata ce ta fi ta kowa nauyi. In tsohonku ya nemi abu ya nace sai shi, ku tashi ku nemo. Kada ku buɗe masa waya.

Ranar da aka kai ta, maza suka ɗauke ta, mu muka tsaya a tsakar gida. Ban san inda aka sa ta ba sai kwatancen ƙanena. Na karkaɗe irin kawunan nan shida a kwalba na rufe, ruwan farko na sauka ƙanena zai je ya shuka a gefen kabarinta, ya kuma yi alkawarin kai masa ruwa da rani. Maƙabartar unguwarmu katangar siminti gare ta, ta ɗan fi aguwa tsawo, amma tsohon ma'aikacin ya ce mini a waya in tsabre ya samu ruwa zai wuce ta a damina ta biyu. Jiya da na taso daga makaranta na bi ta bayan maƙabartar, ko da yake ba hanyata ba ce, na auna katangar da ido. Na riga na ga inda zan riƙa tsayawa.